Kar-ka-motsa da Karen Ruwan Bayan Gareji

Duk wanda ya taɓa neman aiki, ko takardar tafiya, ko lasin tuƙi a wannan ɓangaren na gari, ya taɓa zama a kan kujerar Kar-ka-motsa. Kujerar ƙarfe ce, ƙafa ɗaya ta fi 'yan uwanta gajarta, an tokare ta da murfin kwalba. Gabanta kyamara, bayanta farin labule, gefe madubi da mataji guda wanda ya ratsa kawunan rabin unguwa. Sunan kuwa daga bakinsa ya fito. Ba ya iya danna kyamara sai ya ɗaga yatsa ya daka tsawa: "Kar ka motsa!" Jarirai sun sha ta, tsofaffi sun sha ta, har wani dattijo da aka kawo a kan keke, wanda rabonsa da motsi an manta, shi ma sai da ya sha tasa.

Ya koyi aikin tun ana shiga ɗaki mai duhu a wanke fim. Amma ba ɗaukar ce ta yi masa suna ba, gyaran ne. Da farko da fensir da ɗan burushi, daga baya da kwamfuta. Mai ƙuraje ya shigo, ya fita fuska sumul. Mai giɓi ya samu haƙori. Ya tsayar da masu dako a gaban jirgin sama, ya zaunar da wani tela a bayan zaki yana shan lemo. Ƙa'idojinsa biyu ne, bai taɓa karya ko ɗaya ba. Ta farko, hoto ba ya fita daga shagonsa da ƙazanta a ciki, ko ƙuda ne ya gifta sai ya cire shi. Ta biyu, da zarar ya wanke hoto, sai ya goge katin kyamara tas. Fuskar mutum amana ce, in ji shi, ba zai kwana da matan mutane a aljihu ba.

Sai wayoyi suka zo, kowane mai yatsa ya zama mai hoto. Kasuwa ta mutu a tsaye. 'Ya'yansa biyu sun girma sun watse, babbar tana aure a wani gari, ƙanenta yana tuƙin babbar mota. In sun so faranta masa rai sai su turo hotunan jikoki, a karkace, rabin kan yaro babu. Ya duba ya ce, "Wane azzalumin ne ya fille wa jikana kai?" Gidan ya rage shi da matarsa, wadda yake kira Gwamnati, saboda ba ta shawara, sanarwa take yi.

Gidan nasu a bayan shago yake, tagar ɗakin kwana kuma tana kallon wani kududdufi da ke bayan garejin makanikai. Ba wurin da za ka kai baƙo ba ne. Dogayen ciyayi, tsofaffin tayoyi, ledoji, ƙwarangwal ɗin wata bas da ta nutse zuwa ƙugu, da falwayar lantarki da ta sunkuya kamar tana neman abin da ta yar. Ruwan yana shigowa ta wani kwalbati da ke can kwanar katangar gareji, shi ya sa bai taɓa ƙafewa ba.

Ran nan da sassafe ciwon baya ya tashe shi, ya buɗe taga. Kan wata dabba ne ya fara ɓullowa daga ruwa, mai faɗi, da gashin baki irin na tsohon ɗan sanda. Sannan jiki, dogo, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ya hau kan wata taya, ya riƙe kifi da hannu biyu, hannu biyu fa kamar mutum, ya shiga cin abinsa. Rabon Kar-ka-motsa da ganin karen ruwa tun yana yaro.

"Gwamnati! Taso ki gani!"

Kafin ta lalubo takalmi ruwa ya rufe.

"Gafiya ce," ta ce.

"Gafiya mai cin kifi da hannu?"

"Gafiyar bayan gareji me ba za ta ci ba? Rufe min taga, Baban yara, sauro."

Makanikai ma dariya suka yi masa. "Baba, kai da ka ɗora tela a kan zaki? Gobe ka ce ka ga giwa a cikin bas ɗin nan." Bai ji haushi ba. Mutumin da ya daɗe yana tashi don kawai gari ya waye, sai ga shi ya samu wanda zai tashi dominsa. Kullum yana bakin taga. Wani lokaci dabbar ta fito, wani lokaci ta ƙi. Shi dai ya samu maƙwabci wanda bai da waya.

Ana nan sai aka kafa allo a bakin ruwan: za a cike wurin a yi tashar manyan motoci. Bayan allon sai ga wata yarinya da dogayen takalman roba, jami'a daga ofishin kula da muhalli, tana ɗiban ruwa a 'yan kwalabe. Ya sauko ya same ta.

"'Yata, sannu da aiki. In aka cike nan, shi maƙwabcina ina zai koma?"

"Wane maƙwabci, Baba?"

Ya kwatanta mata, har da yadda ake riƙe kifin. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwalba, ta tambaye shi tsawon wutsiya, da launin maƙogwaro, da lokacin fitowa.

"Baba, in da gaske karen ruwa ne, maganar ta canja. Zan iya tsayawa gaban kwamiti in ce a bar wannan gefen da kwalbatin. Amma ba za su ji 'wani tsoho ya ce' ba. Hoto suke so, kafin zamansu na ƙarshen wata. Ka san wani mai hoto?"

Ya gyara tsayuwa. "'Yata, kin taɓa shiga ɗakin girki kin tambayi mai gida ko ta san wata mai dafa abinci?"

Da rana ya nufi wurin Injiniya, amininsa tun suna samari, mai gyaran kyamara da agogo. Sana'o'in biyu duk waya ɗaya ce ta kashe su, don haka shagon nasa maƙabarta ce mai kanta. Injiniya ya saurari labarin, ya ɗauki kyamarar abokinsa da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Da wannan za ka ɗauke shi? Mutumina, gilashin nan naka an yi shi ne don hancin da ke gabanka."

Ya shiga ƙarƙashin kanta ya jawo wani gilashi dogo kamar bututun hayaƙi, wanda wani matafiyi ya kawo gyara tun tuni bai dawo ba. Ya hure shi, ya ɗaura, kyamarar ta koma kamar kaska a jikin sa.

"Buɗe kunnenka. Abu uku ne. Na farko idon gilashi, buɗe shi har ƙarshe, ka sa lamba mafi ƙanƙanta. Na biyu saurin ƙyaftawa. Kai ka saba da ɗaya bisa sittin na daƙiƙa, don mutanenka zaune suke kamar gumaka. Wannan ɗaya bisa dubu yake so, in ba haka ba hayaƙi za ka ɗauko."

"Da wane hasken? Kafin rana ta fito yake fitowa."

"Nan na uku ya shigo, aiso. Shi ke sa kyamara ta gani a duhu-duhu. Ɗaga shi sama, dubu uku ko fi. Hoton zai yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi."

"Allah ya kiyaye. Ni ban taɓa wuce ɗari biyu ba."

"To zaɓi, yashi ko babu."

"Filas fa, fitilar kyamara?"

"Kunna filas ka ga yadda dabba ke sallama."

Ya ɗora masa abin tsayarwa mai ƙafa uku a kafaɗa, ya kashe wa kyamarar ƙara, ya sa ta a kan ɗauka a jere. "Danne ka ƙi saki, ta yi ta zuba kamar keken ɗinki, a cikin ɗari ɗaya zai yi. Ido za ka nema, in ido ya fito sauran ko oho. Ban da taga, daga sama bayan dabba kawai za ka samu, sauka ƙasa daidai ruwa. Rana a bayanka, iska a fuskarka. Ban da fararen kaya, ban da turaren nan naka mai tashin matattu. Batir na biyu a aljihu." Ya dubi abokinsa. "Saura abu ɗaya, shi kuma ba ni da shi a shago."

"Mene ne?"

"Zif na baki."

Washegari ya kwanta rub da ciki a cikin ciyawa, sanye da tsohuwar rigar makanikai da ya aro. Ƙafa ukun suna nutsewa a taɓo, sauro suna walima. Can sai ga gashin baki ya ɓullo. Dabbar ta hau tayarta. Ga ta nan cike da gilashi, har ɗigon ruwan da ke hancinta yana gani. Yatsansa na hagu ya ɗaga da kansa.

"Kar ka motsa!"

Hoton ruwa ya samu, ruwa mai kyau, da da'ira a tsakiya.

Ya rantse ba zai sake ba. Ya sake. Ba shi ke faɗa ba, bakin ne, yatsan dama ba ya sauka sai ya ji umarni. Da ya danne maganar sai ta fito ta hanci, wani irin gurnani da ya kori har agwagi. Wata rana baki ya yi shiru, hannu ya yi rawa. Wata rana komai ya daidaita, sai ya tarar cikin dare zuciyarsa ta sa shi mayar da aiso ɗari biyu, ya ɗauko wani baƙin abu mai kama da tabon mai. Gwiwoyinsa suka kumbura. Gwamnati ta gaji da wanke taɓo.

"Tunda bakin ba ya jin magana, ba shi aiki," ta ce. Ta ɗauki murfin gilashin ta cusa masa tsakanin haƙora. "Ciji."

Da murfi a baki ya same shi. Safiya ce mai gajimare. Karen ruwan ya hau taya da kifinsa, ya juyo ya dubi gilashin ido cikin ido. Tsawar ta taso ta ci karo da roba ta koma ciki. Yatsa ya sauka, kyamara ta yi ta zuba. Ya daɗe a kwance bayan dabbar ta nutse, yawu na bin haɓarsa, yana jin zuciyarsa a cikin taɓo.

Da Injiniya yana gari da labarin ya bambanta. Amma ya tafi dubo yayarsa da ba ta da lafiya. Kar-ka-motsa ya zauna shi kaɗai gaban kwamfuta ya buɗe hotunan. A cikinsu ɗaya ya fita: ido tar, gashin baki ɗaya bayan ɗaya, kifi a hannu. Ya yi hamdala. Sannan ya dubi sauran hoton.

Taya ce a ƙarƙashinsa, tsagaggiya. Wata shuɗiyar leda ta maƙale a ciyawa daidai kunnensa. Bayansa ƙwarangwal ɗin bas, da sunkuyayyiyar falwaya, da katangar gareji wadda wani ya rubuta wa gargaɗin hana fitsari da baƙin mai. Ga yashin da Injiniya ya faɗa, ko'ina. Wannan za a ɗora a kan teburin manya? A ce daga shagonsa ya fito? Maƙwabcinsa zai je gaban kwamiti neman alfarma, a tura shi a haka, a kan juji? Ko ɗan dako ba ya bari ya fita haka.

Ledar kawai ya yi niyyar cirewa. Da ta fita sai rubutun katanga ya ƙara muni. Ya cire rubutun, sai katangar ta tsaya tsirara, ya cire ta. Bas ta bi, falwaya ta bi. Taya ta zama dutse mai gansakuka. Ruwan ya koma garai-garai, ya dasa ciyawa shar a baya, ya share yashin nan ƙwaya-ƙwaya har gashin dabbar ya kwanta luf. Bai taɓa jikinta da ƙari ko ragi ba, wannan kam ya kiyaye. Tun hantsi har rana ta yi sanyi bai ɗaga kai ba, kuma a duk shekarunsa bai taɓa aiki mai kyan wannan ba. Ya adana shi a kan na asalin, yadda ya saba, ya watsar da sauran da ba su fita ba. Ya wanke babba, ya sa a firam. Sannan ya ɗauki kyamara ya goge kati tas.

Gwamnati ta riƙe firam ɗin da nisa, ta matso da shi.

"Ashe ba gafiya ba ce," ta ce. "Kai, ya yi kyau. Kamar ba namu ba."

Ya ji daɗin maganar ƙwarai.

Jami'ar tana wani aiki a wajen gari, sai da ya jira ta dawo. A kwanakin jiran bai fasa zuwa bakin ruwa ba, ko zai ƙara samun wani. Ya yi ta danna keken ɗinkinsa a kan duk abin da ya motsa, kati ya cika, ya goge, ya sake cikawa.

Ofishin nasu ɗaki ne mai tebur biyu da fanka mai kuka. Ya sa kayansa na fita, ya kwance firam daga cikin zane, ya jingina shi a gabanta, ya ja da baya yana jiran abin da aka saba ce masa.

Ta daɗe tana kallo. Fuskarta ta yi haske, sannan hasken ya tafi.

"Shi ne, Baba. Karen ruwa ne. Amma ina ne nan?"

"Bayan gareji mana. Inda kika same ni."

"Ina garejin?"

"Na cire."

"Bas ɗin fa? Falwayar?"

"'Yata, gaban manya za shi. Kya kai baƙo gaban manya da leda a kunne?"

Ta dafe goshi. "Baba, ledar nake so. Tayar nake so. Su ne za su ce a nan ne. Wannan ai ko'ina ne a duniya, irinsa ake sawa a kalanda. Ba komai, kawo min na asalin, wanda ba a taɓa ba."

Ya hau ninke zanen da ya naɗo firam ɗin a ciki.

"Yana kati ko? Ko a kwamfuta?"

"Ba na kwana da fuskar kowa," ya ce, da wata murya da shi kansa bai gane ba.

Mutumin da ke ɗaya teburin, wanda tun ɗazu yake leƙe, ya tafa hannu. "Na gane ka! Baba Kar-ka-motsa! Kai ka cire min tabon nan a fasfo, har matata ta ce wa na aura. Ke, ba ki san shi ba? Mutumin nan in kin ce ya sa ki a kan wata, kafin ki gama shan ruwa ya sa ki." Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabo ne. Ya ma taso ya ba shi hannu.

Jami'ar ta rako shi har bakin ƙofa. "Ni na yarda da kai, Baba. Amma a cikin kwamitin nan ban san mutum nawa ka yi wa haƙori ba."

Da Injiniya ya dawo ya ji, bai yi zagi ba, abin da ya tsorata Kar-ka-motsa ke nan. Ya karɓi katin ya sa a wata na'ura, ya ce wani lokaci abin da aka goge yana nan kwance, in dai ba a taka shi ba. Suka zauna suna kallon abin da ke tasowa. Ruwa. Ruwa. Agwagwa. Ruwa. Babban yatsan mai hoto. Ɗaruruwan hotunan kwanakin jira sun bi ta kan komai.

"Wa ya ce ka yi ta dannawa haka?"

"Kai."

"To ai ban ce ka ɗinke kabarinka ba."

Can ƙasa sai ga shi. Hoton ranar ne, babu shakka: ga gajimaren, ga katanga da gargaɗinta, ga bas, ga falwaya, ga shuɗiyar leda. Yana saukowa daga sama a hankali, ya zo daidai ledar ya tsaya. Daga nan zuwa ƙasa toka ce, fili fetal. Ko kunne bai tsira ba.

Injiniya ya cire tabarau ya goge. "To. Kana da dabba babu wuri, kana da wuri babu dabba." Ya rage murya. "Haɗa su mana. Kafin shayi ya huce ka gama. Ba ƙarya za ka yi ba, haka abin yake."

Ya haɗa ɗin. Ya mayar da taya daga wani hoton, ya mayar da yashin da ya wuni yana sharewa, yana yi yana jin kamar yana zuba wa ɗansa ƙasa a ka. Amma da ya kai wa jami'ar bai iya ɓoye mata ba, duka ukun ya shimfiɗa, gyararren da rabin na asali da haɗaɗɗen, ya faɗi yadda aka yi. Ta ce za ta gwada. Ta gwada kuwa. Daga baya ta zo har shago ta gaya masa: an zagaya da hotunan, an yaba hannunsa, wani ma ya tambaya ko har yanzu yana yin na biki. Sannan aka wuce magana ta gaba.

"In ka samu wani kafin su fara cike wurin, ko yaya yake, kawo," ta ce. "Kar ka taɓa shi. Ko kallonsa kar ka yi."

Ya koma cikin ciyawa da murfi a baki. Yanzu komai ya iya. Ido a buɗe, ɗaya bisa dubu, aiso a sama, iska a fuska, hannu ko rawa. Sai dai masu awo sun riga sun shigo da turakunsu da hayaniyarsu, bayansu masu saran ciyawa. Karen ruwa bai ƙara hawa taya ba. Sau ɗaya ya ga wani layi yana tsaga ruwa, ya danna, ya samu layi.

Tifofi suka fara zuwa. Daga gefen titi suka soma, suna juye jar ƙasa, katafila tana turawa. Bas ɗin ma ba a tsaya cire ta ba, binne ta aka yi a inda take. Kullum ruwan yana tsukewa, yana komawa kwanar katanga, har ya zama bai fi tsakar ɗaki ba, kifaye suna haki a sama, leburori suna kwasa da bokiti. Injiniya ya zo ya tsaya kusa da shi, bai ce a dawo masa da gilashi ba, shi kuma bai ce zai mayar ba.

Ranar da za a rufe sauran, wani lebura mai rawanin tawul ya gan shi da dogon gilashi ya matso.

"Baba, kai ne mai neman dabbar nan? Ɗazu na ga wani abu, kamar kyanwa kamar kare, ya shige kwalbati."

Kar-ka-motsa ya zagaya kwanar da sauri, iya saurin gwiwa. Magini yana tsugune a bakin kwalbatin, ya toshe shi da bulo, yana shafe siminti. Aka ce ɗaya bakin, na tsallaken titi, tun jiya wasu suka je yi masa nasa, ko sun gama ko ba su gama ba, babu wanda ya sani. Ya juya ga leburan.

"Ɗana, da ka gan shi, fita yake yi ko leƙowa ya yi ya koma?"

"Wallahi Baba ban lura ba. Ina ɗauke da kaya."

Ya roƙi maginin ya cire bulo ɗaya. Magini ya ce shi aiki aka sa shi, a je a tambayi mai kwangila, mai kwangila kuma ba ya nan. Ya tsallaka titi yana neman ɗaya bakin, ya tarar da katangar wani kamfani, mai gadi ya ce ba a shiga. Ya dawo ya durƙusa ya kara kunne a jikin ɗanyen siminti. Ƙarar katafila kawai yake ji.

Da la'asar ya shiga gida, gefen fuskarsa da siminti. Gwamnati tana zaune a bakin gado tana ninke kaya. Ta dube shi, ta ci gaba da ninki.

"Ya fita," ta ce. "Na gan shi ta taga. Ya bi ta kwalbati ya tsallake, tun kafin maginin ya zo."

Daga tagarsu ba a hango kwalbati, katangar gareji ta tare. Ya sani, ta kuma san ya sani. Ya jingina ƙafa ukun a bango, ya zauna a ƙasa ya miƙe gwiwoyi da ƙyar.

"Da gudu ya tafi?"

"A hankali. Ko waiwaye bai yi ba."

"Shi kaɗai?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Tashi ka wanke fuskarka, Baban yara," ta ce. "In simintin nan ya bushe, da fata zai fita."